Gwaggo Ta Ƙi Yin Silo

Karo na tara ke nan motar take mutuwa tun safe.

Yaya ya ɗage ƙafarsa daga kan totur a hankali, kamar mai ajiye ƙwai a kan siminti. Injin ya yi tari sau biyu, ya karkaɗa jiki, ya yi tsit. Ya daki sitiyari da tafin hannu, hon ya yi wata 'yar ƙara kamar an shaƙe akuya.

"Duka ba zai tashe ta ba," in ji ƙanwarsa daga bakin ƙofar gida. "Baba ma lallashinta yake yi."

Auta ce, ƙaramar gidan. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana gyaran janareto da injin ban ruwa a wani ɗan shago da ke bayan asibiti. Waya ɗaya Yaya ya yi mata, ta rufe shagon ta taho. Ta dire jakar kayan aikinta a kan bamba, ta ɗaure gyalenta a ƙugu.

"Faɗa mini abin da take yi, ban da ƙari."

"Tana tashi. Muddin ƙafata tana kan totur sai ki ce sabuwa ce. Ina ɗagawa ta mutu. Ba ta yin silo kwata-kwata."

"Ƙarfe nawa za su rufe ƙofa?"

"Huɗu."

Auta ta dubi wayarta. Tara saura kwata.

Motar ta marigayi mahaifinsu ce, tsohuwar motar ɗaukar kaya mai shan fetur, wadda a da koriya ce kafin rana ta cinye fentin. Gwaggo yake ce mata, domin ba ta tashi da safe sai ta yi mita. Shekara ashirin da shida tana ɗibar kaya a kasuwar 'yan katako, kuma a layin masu lodi ita ce lamba bakwai. Lambar nan ita ce abincin gidan. Mai lamba yana samun lodi kullum, bi da bi. Wanda ba shi da ita sai ya tsaya a bayan shinge yana jiran abin da ya ragu.

Dokar layin ba ta da tsawo. In mai lamba ya rasu, ana jiran iyalinsa wata uku cif. Su kawo motar da ƙafarta, direba ya sauko ya bar injin yana aiki shi kaɗai, shugaban layi ya zagaye ta sau ɗaya. In ya dawo inda ya faro ya same ta da rai, lamba ta zauna a gidan. In ta mutu, ko ba a kawo ta ba, lamba ta koma hannun na gaba a jerin masu jira. An kafa dokar ne tun ranar da wata mota ta mutu da kaya a tsakiyar ƙofar kasuwar, aka wuni ba shiga ba fita.

Yau watan ukun yake cika. Makon jiya kuma kamfanin da Yaya ke yi wa tuƙi ya rage ma'aikata, ya dawo gida da mata da 'ya'ya huɗu.

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Yaya."

"Ki faɗa wa Inna. Ita ta ɓoye makullin a ƙarƙashin matashinta wata biyu da rabi, wai kada kowa ya zauna a kujerarsa."

"Ina jin ku," in ji mahaifiyarsu ta taga.

Auta ta ɗaga bonet, ta tsaya turus. Injin da ta sani tun tana riƙe wa Baba sufana baƙi ne ƙirin, cike da tsummoki da wayoyi da tsagin robar taya da aka ɗaɗɗaure nan da can. Wannan kuwa ƙyalli yake yi.

"Me ya same shi?"

"Wanka," in ji Yaya, ya ɗan yi murmushi. "Wuni na yi jiya da kananzir da burushi. Duk tarkacen nan na Baba na kwashe. Ba na son Shugaba ya buɗe ya ga kamar bola."

"Ka tashe ta kafin wankan?"

"Da wane batir? Sai yamma aka kawo shi daga caji."

Auta ta sunkuya a kan injin. Ta zare tiyon mai, ta ɗiga a tafin hannunta, ta shinshina. Warin tsohon fenti yake yi. Fetur ya kwana wata uku a tanki, ya lalace. Ta sa Yaya ya kwanta ƙarƙashin motar ya tsiyaye shi a bokiti, ta tura matarsa ta sayo sabo a jarka. Ita kuma ta kwance matatar iska, ta sassauta notuna huɗu, ta ɗauko kafireto, abin da ke haɗa wa inji mai da iska, kamar mai ɗauko jariri daga wanka.

A baranda ta baje shi a kan tire.

"Tirena na baƙi?" in ji Inna, ta fito da sauri. "Mai furannin?"

"Shi kaɗai ne mai gefe, Inna. In ƙaramin noti ya gangara ƙasa, mun kaɗe."

"Ke da ubanki. Shi ma da tukunyata yake wanke fulogi."

Ta yi mitar, amma ta jawo kujera ta zauna tana kallo.

Cikin kwanon kafireton ya yi wani danƙo kore kamar gansakuka. Auta ta kwance ɗan ƙarfen tagulla da man silo ke bi ta cikinsa, mai rami kamar na allura, ta ɗaga shi saitin rana ta rufe ido ɗaya. Babu haske. Ta fere wata tsohuwar wayar lantarki, ta zaro sili ɗaya, ta zura a hankali, ta juya, ta hura. Ta sake ɗagawa. Ɗigon rana ya fito ta ramin.

"Na kama ɓarawon," ta ce.

Duk da haka ba ta yi gaggawa ba. Ta girgiza ɗan tulun da ke iyo a cikin kwanon kusa da kunnenta, ta ji ko mai ya shige shi. Lafiyarsa lau. Ta wanke kowane rami, ta hura kowace hanya har kumatunta suka yi zafi. Sha ɗaya da rabi ta ɗaure noti na ƙarshe.

"Tashe ta."

Gwaggo ta tashi. Yaya ya riƙe ta har ta yi ɗumi, sannan ya ɗage ƙafa. Injin ya sauka, ya tsaya yana rawa. Ɗaya, biyu, uku. Ya hau da kansa, ya sauko, ya sake hawa. Auta ta kai bakwai a ƙirga, ya mutu.

"Ɓarawon naki yana da ɗan'uwa," in ji Yaya.

Ta koma baranda wanke hannu tana tunani. Tana cikin haka ta ji injin ya tashi da wata irin kururuwa. Ta rugo. Yaya ya sa matarsa ta taka totur, shi kuma yana kan bamba da sukundireba yana murɗa sukurorin gefen kafireton.

"Ga shi nan," ya ɗaga murya. "Na ƙara mata wuta. Mu tafi a haka."

"A haka? Ko giya ba za ta shiga ba. Kuma Shugaba ba kurma ba ne."

Matar Yaya ta ɗage ƙafa. Injin ya yi ruri kamar zai tashi sama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, sannan ya faɗo gaba ɗaya ya mutu.

"Wanne ka taɓa?"

"Duka biyun."

"Sau nawa ka juya?"

Ya sosa ƙeya. "Ban ƙirga ba."

Auta ta karɓe sukundireban daga hannunsa ta soke a ƙugunta. Saitin da mahaifinsu ya yi shekara da shekaru ya tafi cikin minti biyu. Ta buɗe baki za ta faɗi magana, ta ga idonsa ya yi ja, ta haɗiye.

Hayaƙin ne ya kira Baba Kunne. Maƙwabcinsu ne, tsohon bakanike, aminin mahaifinsu. An sa masa sunan ne domin a zamaninsa daga tsallaken titi yake jin ƙarar mota ya faɗi cutarta. Yanzu shekaru da ƙarar guduma sun cinye kunnen, suna kawai ya rage. Ya shigo yana dogara sanda yana kaɗa hayaƙi da hula.

"Wa ke gasa Gwaggo?"

Auta ta matsa kusa da kunnensa na dama, wanda ke da ɗan saura, ta faɗa masa duk abin da ta yi. Ya yi ta gyaɗa kai.

"Aikinki ya yi kyau, 'yar nan. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kai direba, tashe ta. In ta tashi ka ja cok rabi, ka ɗage ƙafarka."

Yaya ya ja ɗan maɓallin da ke rage wa inji iska. Ya ɗage ƙafa. Gwaggo ta yi ta gurnani, amma ba ta mutu ba.

"Mayar da cok ɗin. Ke kuma rufe bakin kafireton da tafin hannunki. Ba duka ba, bar mata kaɗan."

Auta ta ɗora hannu. Ta ji iska tana tsotsar tafinta, kuma nan take injin ya daidaita. Ta ɗage hannun, ya fara tari, ya mutu.

Baba Kunne bai ji komai ba, amma hannunsa yana kan jikin motar tun farko. "Kin gani? Ba yunwar mai take ji ba. Iska ce ta yi mata yawa. Kin toshe ƙofar gaba ta ji daɗi, ke nan akwai wata ƙofar da take sha ta bayan gida. Ita za mu nema."

Fakin da ke ƙarƙashin kafireton, wato kwalin da ke hana iska shiga ta tsakanin ƙarafa, shi suka fara zargi. Auta ta sake kwance shi karo na biyu, ta yanko sabon faki daga kwalin takalmi da almakashin Inna, ta ɗaure notunan a gicciye. Ta bi notunan bututun da ke raba mai da iska zuwa cikin injin, ta ƙara ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya da rabi ta wuce. Yaya ya murɗa makulli, batir ya yi nishi kafin ya juya injin. Ya ɗage ƙafa. Ta mutu.

Wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan, wani mutum ya leƙo ta taga. Dogo ne, wanda sunansa ke gaba a jerin masu jiran lamba. Shekara huɗu ke nan yana tsayuwa a bayan shinge.

"Sannunku da fama," ya ce. "Ina da igiya in kuna son a ja ta. Sai dai ja ba ya cikin doka."

"Ajiye igiyarka," in ji Auta ba tare da ta ɗago ba. "Za ka buƙace ta wajen ɗaure haƙurinka."

Dogo ya yi dariya. "Allah ya jiƙan mai lamba bakwai, bakinsa kika gado. Ina can bakin ƙofa ƙarfe huɗu." Ya ja motarsa.

Yaya ya sauko ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya. "Bar ta, Auta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin ya tafi. Wataƙila injin ne ya tsage."

"Injin da ya tsage ba ya gyaruwa da tafin hannu. Tashi."

"Batir ɗin bai fi tashi biyu a cikinsa ba."

"To biyu sun isa. Tashi, Yaya, ka tsare mini hanya."

Ta matsa kusa da kunnen Baba Kunne. "Baba, da kai ne a da, yaya za ka yi?"

"Da ni ne a da, ina tsaye a nan zan ji tana shewa." Ya dubi tsakar gidan, idonsa ya sauka a kan tiyon da Inna ke ba shukokinta ruwa. "Yanko mini kamu uku na wancan."

"Ka ga tsohon banza," in ji Inna. "Tire bai ishe ku ba?"

"Me ta ce?"

"Ta ce a yanka," in ji Auta, ta riga ta sa wuƙa.

Tsohon ya danna mata baki ɗaya na tiyon a kunne, ya ba ta ɗayan a hannu. "Yadda likita ke yi wa ƙirji. Ni ne kai, ke ce kunne. Bi ko'ina a hankali. Kada ki kusanci fanka."

Batir ya yi nishi mai tsawo, injin ya kama. Yaya ya riƙe totur ƙasa-ƙasa. Auta ta kwanta rub da ciki a kan gefen motar, ta fara yawo da bakin tiyon. Gindin kafireto, ƙaƙas-ƙaƙas na ƙarafa kawai. Bututu na farko, na biyu, na uku, babu komai sai gurnani. Zafi yana dukan fuskarta, gumi yana shiga idonta. Ta tura tiyon can baya, inda injin ya kusa manne wa bangon gaban direba, wurin da ido ba ya kaiwa sai an tura kai.

Sai ta ji shi. Siririn huci, kamar na maciji a cikin ciyawa.

Ta saki tiyon ta cusa hannu. Ƙarfe mai zafi ya lashi tsintsiyar hannunta, ta cije leɓe ba ta janye ba. Yatsunta suka taɓa wani guntun tiyo mai tauri, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, bakinsa a buɗe. Ta ɗora yatsa a kai, ya tsotse shi ƙam.

"Ɗage ƙafarka."

"Za ta mutu."

"Ɗage na ce."

Ya ɗage. Injin ya ci gaba da ruri yana fitar da baƙin hayaƙi saboda sukurorin da aka murɗe, amma ba hawa ba sauka, ba tari. Auta ta ƙirga ashirin. Ta zare yatsanta. Ya mutu nan take.

Ta sauko tana hura ƙunar hannunta. Uku saura ashirin.

"Yaya, akwai wani guntun tiyo can baya. Me ke cikinsa jiya?"

Yaya ya leƙa wurin. Sannan fuskarsa ta canza. "Wani guntun fensir. Na ga ya toshe tiyon, na ce wannan ai cuta ce. Da filaya na zare shi, da ƙyar ma ya fito."

Da Auta ta maimaita wa Baba Kunne a kunne, sai da ya riƙe sandarsa da hannu biyu don dariya. "Na tuna tiyon. Na tsohon abin share gilashi ne, da tsotson inji yake aiki. Da aka sa mata na lantarki sai tiyon ya zama ba shi da wurin zuwa, babanku ya toshe shi. Garin gyaran gira ka cire mata ido, direba."

Auta ta zazzage jakarta, ta zaɓi ƙusa mai zare daidai girman ramin, ta cusa. Ta sa baki a tiyon Inna, ta haɗa da wurin, ta hura. Iska tana fita ta gefe. Ta shafa bakin ramin da yatsa, ta gane dalili. Robar ta bushe ta ƙandare a siffar fensirin, kusurwa shida, abu mai zagaye ba zai cike ta ba. In ta tura ƙusa mafi girma robar za ta tsage. In ta ce za ta cire tiyon gaba ɗaya, ɗan bututun da yake zaune a kai ya ci tsatsa, yana iya karyewa a hannunta. Matar Yaya ta zagaye ɗakin yara da gudu, ta dawo da fensir ɗaya, siriri mai zagaye. Sauran suna makaranta da masu su.

"Ina ka zubar da tarkacen?"

"Na share, na tara a bakin kwata. Da safe ban gan su ba."

Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito rungume da wani tsohon gwangwanin madara, ta buɗe shi a kan cinyarta. Tsummoki ne a ninke, da wayoyi a nannaɗe, da tsagin roba. Duk abin da Yaya ya share ta bi ta tsince. A can ƙasa akwai guntun jan fensir, rabinsa baƙi da mai.

Auta ta miƙa hannu. Inna ta damƙe shi.

"Dubi gindinsa," ta ce a hankali. "Cizonsa ne. Haka yake tauna komai in yana tunani."

"Na gani, Inna."

"Shi kaɗai ne abin da ya bar shaidar bakinsa a kai."

Auta ta durƙusa a gabanta. "Ba a gwangwani ya ajiye shi ba, Inna. Can ya ajiye shi, kuma yana can yana yi masa aiki har jiya. Ki bari ya koma bakin aikinsa."

Inna ta dubi Yaya da ke tsaye da kai a ƙasa, ta dubi matarsa. Ta goge fensirin da gefen zaninta, ta sa wa Auta a hannu.

Auta ta cusa shi a guntun tiyon, ya shiga kamar an kira shi. Kusurwa shida ta zauna a kusurwa shida.

Saura sukurorin nan biyu, na mai da na wuta. Auta ta ɗora sukundireba a kan na mai, ta tuna muryar mahaifinta ranar da ya fara barinta ta taɓa shi: rufe a hankali, kada ki ƙure shi, in ya taɓa ki dawo ɗaya da rabi. Ta rufe, ta dawo ɗaya da rabi. Ta sassauta na wuta har ya kusa sakin totur, ta mayar da matatar iska.

Yaya ya murɗa makulli. Batir ya ce ƙas, ya yi shiru. Uku da minti goma.

"Turi," in ji Auta. "Lungun nan gangare ne. Sa ta a giya biyu, kada ka saki kuloci sai na ce."

Suka buɗe ƙofar gida duka biyu. Auta da matar Yaya suka sa kafaɗa, mai shagon kusa da telan layin suka bar abin da suke yi suka kama. Inna ma ta ɗora hannu ɗaya tana cewa, "Tashi mana, uwar mita." Motar ta motsa da ƙyar, ta sami gangare, ta fara gudu ta bar su a baya.

"Saki!"

Gwaggo ta yi tsalle, ta yi tari, ta kama. Yaya ya tsayar da ita a ƙarshen lungun yana riƙe da totur. Auta ta isa tana haki, ta haye bamba. Baba Kunne ya iso daga baya da kofin ruwa da ya karɓa a shago, ya ɗora shi a kan murfin matatar iska.

"Ni ba na ji, amma ruwa ba ya ƙarya. Direba, ɗage ƙafa. Ke, juya kaɗan-kaɗan."

Ruwan yana tsalle yana fantsama. Auta ta juya na mai kwata. Ya rage tsalle. Ta ƙara rabin kwata, ya koma rawa. Ta dawo da shi baya kaɗan, ta sassauta na wuta. Ruwan ya lafa, ya bar 'yan zobba sirara suna taruwa a tsakiya.

"Tsaya nan," in ji tsohon. Ya ɗauke kofin ya shanye ruwan. "Ku tafi."

Uku da rabi suka hau titi, Auta a gefen Yaya da jakarta a cinya. A mararrabar gidan mai mai ba da hannu ya tsayar da su. Ta ga ƙafar Yaya ta zame ta koma kan totur.

"Cire ta."

"In ta mutu a nan babu gangare."

"In za ta mutu gara mu sani a nan. Cire."

Ya cire. Minti uku suka yi a tsaye, motocin ɗaya ɓangaren suna wucewa, Gwaggo tana bugawa a hankali kamar zuciyar mai barci. Aka ba su hannu.

Huɗu saura shida suka shiga ƙofar kasuwar 'yan katako. Direbobi sun taru a inuwar rumfa. Dogo yana jingine da shinge, yana ganinsu ya dubi agogonsa ya girgiza kai.

Shugaban layi gajeren tsoho ne mai ɗingishi, da littafi a hammata. Ya yi musu gaisuwar rashi a taƙaice, sannan ya ce, "Direba, sauko. Ke ma. Ku matsa can."

Suka tsaya nesa da motar. Shugaba ya fara daga fitilar hagu. Tafiyarsa dama ba ta sauri ba ce, yau kuma kamar ya ƙara mata nauyi. Ya tsaya ya shuri tayar baya. Ya girgiza ƙyauren bodi. Ya tsaya a bayan salansa ya shinshina hayaƙin. A nan injin ya yi tuntuɓe sau ɗaya, duk rumfar ta yi tsit, Auta ta damƙe ƙunar hannunta ba ta ji zafi ba. Gwaggo ta gyara murya ta ci gaba.

Shugaba ya zagayo ta dama, ya dawo fitilar hagu. Bai buɗe littafin ba.

"Ɗaga mini bonet."

Yaya ya ɗaga. Tsohon ya leƙa ya taɓe baki. "Wa ya yi mata wannan wankan? Ban gane ta ba." Ya ƙara sunkuyawa, ya tura kai can baya, ya daɗe a haka. Da ya ɗago yana murmushi.

"Har yanzu yana nan."

"Me, ranka ya daɗe?" in ji Yaya.

"Fensirina. Ina malamin lodi a lokacin. Mahaifinku ya ce in ara masa zai rubuta wani abu, ya tauna shi yana tsaye yana kallon injin nan, sai kawai na ga ya karya shi biyu ya cusa hannu. Shekara goma sha tara ina tambayarsa, kullum sai ya ce yana amfani da shi." Ya buɗe littafin, ya zaro biro daga aljihu. "Ku ce wa Gwaggo na bar mata. Lamba bakwai ta zauna."

Dogo ya cire hularsa ya mayar. "Shekara ta biyar ke nan," ya ce, amma ya tako ya ba Yaya hannu.

"Akwai katako arba'in da ke jiran mota tun azahar," in ji Shugaba yana rubutu. "Layin bakwai ne. In kun shirya, ku matsa rumfa ta uku."

Yaya ya haye kujerar mahaifinsa, ya gyara madubi. Auta ta rufe bonet da hannu biyu, ta ɗauki jakarta, ta zagayo ta tagarsa.

"Kada ka kashe ta sai batir ya cika. In za ka tsaya, nemi gangare."

"To."

"Gobe da safe zan zo mu bi sauran tarkacen gwangwanin Inna ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda kowanne ya fito."

"To, Auta."

"Kuma Yaya," ta ce, ta buga jikin ƙofar da tafin hannu, "in ka sake ganin ta yi datti, ka kau da kai."

Ya yi dariya, ya taka kuloci, ya sa giya. Gwaggo ta yi mitarta ta nufi rumfa ta uku.